Mariya Montessori: Likitar da ta koyar da ’ya’yan talakawa karatu da gutsattsarin katako

Ranar 6 ga Janairun 1907 aka buɗe wani ɗaki a ƙasan wani bene da ke unguwar San Lorenzo, ɗaya daga cikin unguwannin da talauci ya yi wa katutu a birnin Rum na ƙasar Italiya. An tara yara kimanin 50, ’yan shekara uku zuwa shida, waɗanda iyayensu ke sammakon fita aikin ƙarfi su bar su suna gararamba. Kamfanin da ya gyara benen so yake a killace yaran wuri ɗaya don su daina ɓata bango da matakala.

Matar da aka ɗora wa kula da ɗakin likita ce mai shekara 36, sunanta Mariya Montessori. An sa wa wurin suna Gidan Yara, ita kuma ta shigo da ƙananan kujeru da tebura da wasu kayan katako da ita ta tsara su. Kafin a yi shekara goma, an buɗe makarantu masu bin tsarinta a Turai da Amurka da Asiya.

A yau ana ganin sunanta a allunan makarantun renon yara a Abuja da Legas da Kano, kuma yawanci alama ce ta makaranta mai tsada. A Yamai ma, iyayen da ke neman wa ɗansu gurbi a unguwanni irin Koira Kano, wadda sunanta ke nufin gari mai daɗi da harshen Zabarma, abin da ake fara nuna musu shi ne ɗakin da aka cika da kayan wasa masu launi. Kaɗan ne suka san cewa ’ya’yan leburori aka fara yi wa waɗannan kayan, kuma kowane guda akwai dalilin da ya sa aka yanka shi yadda yake.

Yarinyar da ta ƙi zama malama

An haifi Mariya ranar 31 ga Agustan 1870 a garin Chiaravalle da ke gabashin Italiya. Mahaifinta, Alessandro, ma’aikacin gwamnati ne a ɓangaren kuɗi, mai riƙo da tsohuwar al’ada. Mahaifiyarta, Renilde Stoppani, mace ce mai yawan karatu, kuma ita ta tsaya wa ’yarta a duk lokacin da uban ya ja baya. Iyalin sun koma Rum a 1875.

A wancan zamanin koyarwa ce kusan kaɗai aikin da ake yarda ’yar boko ta yi, Mariya kuwa ta ƙi ta. Tana shekara 13 ta shiga makarantar fasaha da galibin ɗalibanta maza ne, da niyyar zama injiniya. Daga baya ta sauya shawara ta nufi likitanci. Ta shiga Jami’ar Rum a 1890, ta fara da kimiyya, sannan aka karɓe ta a sashen likitanci a 1893.

Ba ta sha da daɗi ba. Saboda ana ganin bai dace mace ta tsaya tare da maza a gaban gawa tsirara ba, ita kaɗai take zuwa ɗakin fiɗa bayan kowa ya watse. Ta kammala a watan Yulin 1896, ta zama ɗaya daga cikin matan farko da suka zama likitoci a Italiya. A shekarar ce kuma ta wakilci ƙasarta a taron mata na duniya a Balin, inda ta nemi a daidaita albashin mata da na maza.

Ɓurɓushin burodi

A 1897 ta fara aikin sa-kai a asibitin masu taɓin hankali na jami’ar. Aikin ya riƙa kai ta gidajen da ake tsare marasa lafiya, inda ta tarar da yara masu larurar ƙwaƙwalwa a kulle tare da manya, a ɗakuna fayau babu ko tsinke.

Masu rubuta tarihinta sun ruwaito cewa a ɗaya daga cikin gidajen, mai kula da yaran ta yi mata ƙorafin haɗamarsu, domin da zarar sun gama cin abinci sai su bi ƙasa suna tsintar ɓurɓushin burodi. Mariya ta dubi ɗakin ta fahimci wani abu daban. Ɓurɓushin ne kaɗai abin da hannuwan yaran ke iya kamawa su murza. Daga nan ta fara zargin cewa rashin abin taɓawa yana ƙara dakushe musu ƙwaƙwalwa.

Bincike ya kai ta ga rubuce-rubucen likitoci biyu na Faransa. Na farko Jean Itard, wanda tun daga 1800 ya shafe shekaru yana ƙoƙarin koyar da wani yaro da aka tsinta a dajin Aveyron. Na biyu ɗalibinsa Édouard Séguin, wanda ya ƙera alluna masu ramuka da sanduna masu tsayi daban-daban don horar da ido da yatsun yara masu larura. Mariya ta zauna ta juya littattafansu zuwa Italiyanci da rubutun hannunta.

A 1900 aka naɗa ta ɗaya daga cikin shugabanni biyu na wata sabuwar makaranta a Rum da ke horar da malaman irin waɗannan yara. Ta riƙa zama da yaran tun safe har dare, tana gwada kayan Séguin, tana gyarawa, tana ƙirƙiro nata. Wasu daga cikin yaran da aka yanke wa ƙauna suka koyi karatu da rubutu, har suka ci jarrabawar gwamnati tare da yara masu lafiya.

Jama’a na ta yaba mata, ita kuwa wata tambaya ce ta hana ta sakat. Idan yaran da ke da larura sun kamo masu lafiya, ke nan makarantun gwamnati na danne masu lafiyar.

A wannan tsakanin rayuwarta ta shiga wani hali. A 1898 ta haifi ɗa namiji, Mario, da abokin aikinta Dakta Giuseppe Montesano, ba tare da sun yi aure ba. An kai jaririn ƙauye aka ba wasu riƙo, tana ziyartarsa ba tare da ya san ita ce mahaifiyarsa ba. Da Montesano ya auri wata a 1901, ta bar makarantar, ta koma jami’a karatun falsafa da nazarin tarbiyya. Sai a 1913, bayan rasuwar mahaifiyarta, ta ɗauko Mario, wanda ya zama na hannun damanta har ƙarshen rayuwarta.

Abin da ta gani a Gidan Yara

Gayyatar Edoardo Talamo, shugaban kamfanin gidajen San Lorenzo, ita ta ba ta damar gwada kayanta a kan yara masu lafiya. Ba ta samu ƙwararriyar malama ba, sai ta ɗauki ’yar mai gadin benen, ta nuna mata yadda ake gabatar da kowane abu, ta kuma gargaɗe ta kada ta katse yaron da ke cikin aiki. Ita kanta Mariya kallo take yi tana rubutawa, kamar yadda likita ke lura da majinyaci.

Wata rana ta ga yarinya ’yar shekara uku tana zare turakun katako daga ramukansu tana mayarwa. Ta sa sauran yaran su rera waƙa, yarinyar ba ta ɗago ba. Ta ɗaga ta da kujerarta ta ɗora kan tebur, yarinyar ta ci gaba. Sai da ta maimaita fiye da sau 40 sannan ta tsaya don kanta, fuskarta a sake. Wannan ya rushe abin da aka daɗe ana faɗa cewa ƙaramin yaro ba ya iya tattara hankalinsa wuri ɗaya.

Wata rana kuma malamar ta manta ba ta kulle kabad ba. Kafin ta iso, kowane yaro ya zaɓi abin da yake so ya duƙufa. Malamar ta ɗauka ɓarna ce. Mariya ta sa aka cire babban kabad ɗin, aka kawo kantoci gajeru da hannun yaro ke kaiwa. Masu hali sun kawo kyautar ’yan tsana da kayan wasa masu tsada, amma ta lura yaran na barin su su koma kan tsintsiya da kwanon wanke hannu da katakon aunawa, don haka ta kwashe kyaututtukan.

Yadda kayan suke aiki

Sirrin kayan Montessori ƙa’idoji ne guda uku. Kowane abu darasi ɗaya tak yake koyarwa. Kayan da kansu ke nuna wa yaro kuskurensa. Kuma hannu ne ke fara sanin abu kafin baki ya kira sunansa.

Turakun da yarinyar nan ta yi ta maimaitawa misali ne. Gungumen katako ne mai ramuka goma, kowane rami da turkensa, daga siriri zuwa kakkaura. Idan yaro ya sa siriri a babban rami, a ƙarshe zai rage da turke ɗaya da ya ƙi shiga ko’ina. Ba ya buƙatar malama ta ce masa ya yi kuskure, kuma babu dalilin tsawa ko bulala. Ɗan maƙalin da yake kama turken da shi, da yatsu uku ake riƙe shi, yatsun da zai riƙe fensir da su nan gaba.

Akwai hasumiya ta dunƙulen katako goma masu launin ruwan hoda. Mafi ƙanƙanta santimita 1 ne ta kowane gefe, mafi girma santimita 10. Launinsu ɗaya ne da gangan, don girma kaɗai ya bambanta su. Babban ya ninka ƙaramin sau 1,000, kuma yaron da ya ɗauko su ɗaya bayan ɗaya ya ji wannan bambanci a damtsensa tun kafin ya san lambar dubu.

A ɓangaren lissafi akwai sanduna goma, daga mai santimita 10 zuwa mai mita ɗaya. Akwai akwati mai gurabe goma, daga 0 zuwa 9, da tsinkaye 45 cif. Yaro na zuba tsinke ɗaya a gurbin 1, biyu a gurbin 2, har zuwa tara. Idan ya ƙirga daidai babu saura, gurbin sifili kuma ya zauna wayam, ya ga ma’anar sifili da idonsa. Akwai kuma ƙananan duwatsu irin na carbi: ƙwaya ɗaya, jeren goma, faifan ɗari, da dunƙulen dubu.

Don horar da kunne akwai gwangwanaye rufaffu masu ƙara daban-daban, yaro na girgizawa yana haɗa kowanne da ɗan’uwansa. Don koyon sa tufafi akwai firam na katako da aka ɗaura wa ƙyalle mai maɓallai ko igiyar takalmi. Zuba ruwa daga buta zuwa kofi, shara, da goge tebur duk darussa ne a ajinta.

Abin da ya fi jawo mata suna shi ne haruffa. Ba ta da kuɗin sa kafinta ya sassaƙa mata na katako, sai ta yanka su daga samfefa ta manna a kwali. Yaro na bin harafin da yatsu biyu yana furta sautinsa. Idan yatsan ya kauce, santsin kwalin zai sanar da shi. A ƙarshen 1907 yara ’yan shekara huɗu da biyar suka fara rubuta kalmomi da alli a ƙasa da bango, alhali iyayen yawancinsu ba su iya karanta sunansu ba. ’Yan jarida da malamai da manyan gwamnati suka yi ta tururuwa zuwa San Lorenzo.

Ɗaukaka da gudun hijira

A 1909 ta wallafa littafinta na farko kan tsarin, ta kuma horar da rukunin malamai na farko a garin Città di Castello. Fassarar Ingilishi ta fito a 1912 ta shiga sahun littattafan da suka fi kasuwa a Amurka. Ta ajiye aikin likita gaba ɗaya. A Disambar 1913 ta yi jawabi a babban zauren Carnegie da ke New York, kuma Alexander Graham Bell, wanda ya ƙirƙiro wayar tarho, yana cikin masu mara mata baya. A baje-kolin San Francisco na 1915 an gina aji mai bangon gilashi, mutane na zaune a waje suna kallon yara na aiki.

A gida kuwa siyasa ta riske ta. Ta gana da Musolini a 1924, gwamnatinsa ta rungumi makarantunta na tsawon shekaru. Dangantakar ta lalace a lokacin da gwamnati ke son mayar da yara sojojin gobe, ita kuma tana yawon lacca kan zaman lafiya. Ta bar Italiya a 1934, aka rufe makarantun. A Jamus ma gwamnatin Hitila ta rufe su. Yaƙin basasar Sifaniya ya kore ta daga Barsalona a 1936, ta koma ƙasar Holan.

A 1939, tana da shekara 69, ta tafi Madras a Indiya don horar da malamai na ’yan watanni. Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a 1940, Turawan Ingila masu mulkin Indiya suka tsare Mario, ita kuma aka taƙaita mata zirga-zirga. An sako shi a matsayin kyautar cikarta shekara 70. Sai a 1946 suka koma Turai, bayan sun horar da malamai fiye da dubu. Ta sake komawa yankin, har ta gudanar da horo a Karachi ta Pakistan a 1949.

Sau uku ana gabatar da sunanta don kyautar Nobel ta zaman lafiya, a 1949 da 1950 da 1951, ba ta samu ba. Ta rasu ranar 6 ga Mayun 1952 a garin Noordwijk na Holan tana da shekara 81, a lokacin da take maganar yin tafiya zuwa Afirka. A 1990 Italiya ta sa hotonta a takardar kuɗi ta lira 1,000.

Suka da bincike

Tun tana raye ake sukar ta. A 1914 malamin jami’a William Kilpatrick na Amurka ya rubuta littafi yana cewa kayanta sun takura wa yaro, ba su bar wa tunaninsa filin ƙirƙira ba, kuma sukar ta taimaka wajen dusashewar tsarin a Amurka har zuwa ƙarshen shekarun 1950. Ba ta ba tatsuniya da wasan kwaikwayon yara muhimmanci ba, abin da masana da dama ke ganin gibi ne. Ta kuma riƙe horar da malamai da lasisin ƙera kayan a hannunta, wanda ya sa ta ɓata da almajiranta da yawa, ya kuma sa kayan suka yi tsada.

A 1967 hukumar rajistar alamun kasuwanci ta Amurka ta yanke cewa sunan Montessori ba mallakin kowa ba ne. Ma’ana, kowace makaranta na iya rubuta shi a allonta ko da babu ko turke ɗaya a ajin.

A ɓangaren sakamako, wani bincike da Angeline Lillard da abokiyar aikinta suka wallafa a mujallar Science a 2006 ya kwatanta yaran birnin Milwaukee da ƙuri’a ta ba gurbi a makarantar Montessori da waɗanda ƙuri’ar ba ta faɗa kansu ba. ’Yan shekara biyar na rukunin farko sun fi a share fagen karatu da lissafi da zama da mutane. Yaran da aka yi binciken a kansu ba su da yawa, kuma makaranta ɗaya ce mai bin tsarin sau da ƙafa. Larry Page da Sergey Brin, waɗanda suka kafa Google, na cikin sanannun da suka yi irin wannan makaranta.

Abin da ya shafi Nijar

Dokar ilimi ta Nijar ta ranar 1 ga Yunin 1998 ta amince da matakin share fage kafin firamare, kuma an kafa makarantun renon yara na al’umma a karkara da tallafin UNICEF. Duk da haka mafi yawan yaran ƙasar na shiga aji ɗaya ba tare da sun taɓa zama a irin wannan ɗaki ba. A Najeriya manufar ilimi ta ƙasa ta ce wasa ne babbar hanyar koyarwa a wannan mataki, amma a ajujuwa da yawa ’yan shekara uku na zaune a benci suna maimaita abin da malama ta faɗa.

Koyo da hannu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa da ta Zabarma. Yaron da ke ƙera mota da karan dawa yana auna tsayi. Yarinyar da ke carafke tana ƙirga. Mai dara yana lissafin gurabe. Masanin kimiyya Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa wanda Jami’ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya bayyana a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka yadda tarbiyyar gargajiya ke haɗa aikin hannu da aikin tunani, da yadda makarantar Turawan mulkin mallaka ta raba su.

Haruffan samfefa sun yi saurin aiki a Rum saboda ana rubuta Italiyanci kusan yadda ake furta shi. Haka bokon Hausa yake, kuma tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Yaron da ya san sautin b da a da k da i zai iya haɗa baki da kansa, abin da ba ya samuwa cikin sauƙi a Faransanci.

Tsadar kayan ma akwai inda aka shawo kanta. A sansanin ’yan gudun hijira da ke kusa da Nakuru a Kenya, an buɗe makarantar Corner of Hope a 2010, inda mazauna sansanin suka samu horo, suka ƙera kayan ajinsu da hannunsu. Kafinta a Yamai ko Maradi zai iya yanka sanduna goma da dunƙule goma idan aka ba shi awo daidai. ’Ya’yan tsamiya na iya maye gurbin duwatsun ƙirga, gwangwanin madara da tsakuwa ko gero ya zama darasin kunne. Abin da ya fi wuyar samu shi ne malamar da aka horar ta nuna abu sau ɗaya a natse, sannan ta ja da baya.

Don haka uwa ko uban da ya je duba makaranta, a Koira Kano ne ko a Talladje, yana da abubuwan lura da suka fi fentin bango. Ya duba ko kayan na kan kantar da hannun yaro ke kaiwa ko suna kulle sai baƙi sun zo. Ya duba ko yaro na zaɓar aikinsa, ko ana barinsa ya maimaita har ya gaji, da kuma abin da malama ke yi idan ya zubar da ruwa. A San Lorenzo tsumma ake miƙa masa ya goge da kansa.